Manhaja Ba Ta Ganin Kututture: Sababbin Kamfanonin Sufuri da Ruwan Yawuri

Ranar Laraba, 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nufi Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi. Bai kai gaci ba ya dare a tsakiyar ruwa. Rahotannin da suka fito a lokacin sun nuna cewa mutanen da ke cikinsa sun haura 150, ga babura ga buhuna, kuma waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A watan Oktoban 2023 wani jirgin ya kife da mutanen da suka taso daga yankin Agwara za su ci kasuwar Yawuri. A farkon Satumban 2025 kuma wani ya ci karo da kututture a ɓangaren Borgu na tafkin, mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya. Duk mai bin labarin ruwan nan ya haddace abin da kan biyo bayan kowane haɗari: a yi ta'aziyya, a raba rigunan ruwa, a ja kunnen masu jirage a kan lodin da ya wuce ƙima, a watse, sai kuma wani ya auku.

A cikin waɗannan shekaru, da 'yan kaɗan da suka gabace su, matasa masu ilimin kwamfuta sun kakkafa kamfanonin sufuri a Legas, masu jari daga ƙetare suka zuba musu miliyoyin daloli. Hankalin waɗannan kamfanoni bai karkato Zamare ko Wara ba. Wasu kan ɗora laifin a kan masu jari, su ce ba sa duban Arewa. A ganina ko da sun zo da irin hajar da suka baza a Legas, da wuya ta ceci ran mutum ɗaya a ranar 26 ga Mayu. Ruwan Yawuri yana buƙatar sabon kamfani, amma mai wata ƙira dabam, kuma a cikin aikin gina shi akwai kason da ya faɗo a kan masu nazarin Hausa, ko mun lura ko ba mu lura ba.

Ɗan kamasho a cikin waya

Adetayo Bamiduro da Chinedu Azodoh sun kafa MAX a Legas a 2015. Gokada ya fara ɗaukar fasinja a 2018. OPay ya fito da ORide a 2019, a shekarar ne kuma ya kawo tsarin kiran A Daidaita Sahu ta waya zuwa Kano. Dabarar kusan ɗaya ce: fasinja yana tsaye a wani lungu, ɗan acaɓa yana gewaya a wani, manhaja ta haɗa su, ta yanke kuɗi, kamfani ya zare kamashonsa. Wato dai ɗan kamasho ne aka ɗauko daga bakin tasha aka zaunar da shi a cikin waya. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, gwamnatin Legas ta hana acaɓa da keke a manyan sassan birnin. Kafin shekarar ta fita ORide ya tsaya, Gokada ya koma kai saƙo, MAX kuwa ya ƙara karkata ga samar wa direbobi abin hawa suna biya kaɗan-kaɗan, da kuma babura masu aiki da lantarki. Kanawa ba su da abin mamaki a nan, domin sun ga yadda aka hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dare ɗaya sana'ar dubban magidanta ta koma laifi.

Abin lura a wannan tarihi shi ne ɓangaren da ya rayu bayan guguwar. Haɗa fasinja da direba ya rushe da sa hannun gwamna guda. Abin da ya saura shi ne harkar mallakar abin hawan kansa, wato wa zai saya, wa zai biya, cikin wata nawa.

A bakin ruwan Yelwa kuwa babu wanda ya taɓa rasa jirgi don bai san inda zai same shi ba. Kowa ya san mashigi, ya san ranar kasuwa, ya san mai jirgin har da sunan mahaifinsa. Matar da ta ɗauko busasshen kifi daga wata tunga tana neman jirgin da zai kai ta ya dawo da ita da ranta, kuma wannan wata matsala ce da manhajar kiran direba ba ta taɓa shiga cikinta ba. Kamfanin Uber ya gwada kiran jirgin ruwa ta waya a Legas a watan Oktoban 2019, gwajin mako biyu, amma a can jiragen da mashigan da dokar duk suna nan kafin manhajar ta zo, ita ɗori ce kawai.

Ruwan da aka sauya wa hali

Fito ya girmi kowace mota a ƙasar Yawuri. Tun Birnin Yawuri yana babban birnin masarauta, kafin sarauta ta koma Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19, kogin Kwara ne babbar hanya. Ta nan Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ajalinsa ya riske shi a duwatsun Busa, nan kuma Richard Lander da ƙanensa John suka zo a 1830 suna cigiyar takardunsa. Gungawa da Sarkawa sun gaji sanin wannan kogi kaka da kakanni: inda dutse yake, inda ruwa ke juyawa, inda dorina ke kwana.

Sai aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, aka tayar da kimanin mutum 44,000 aka sake musu matsuguni. Akan yi maganar gonaki da kushewun da suka nutse, amma ba a cika maganar ilimin da ya nutse tare da su ba. Matuƙin da ya san kogi ya wayi gari a kan wani ruwa da bai gada ba, ƙarƙashinsa kuwa daji ne da ba a sare dukkan itatuwansa ba. Waɗannan itatuwa sun mutu a tsaye, kuma itacen da ke nutse cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Su ne kututturan da har yau, bayan fiye da shekara hamsin, suke farke cikin jirgi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tafkin yana samun cika biyu a shekara: wadda masu bincike ke kira farin ruwa, mai zuwa da damina ɗauke da laka daga ruwan saman yankin, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali ya iso da sanyin hunturu. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai tazarar da ta kai kusan mita 10. Ke nan kututturen da jirgi ya bi ta kansa lafiya a watan Janairu, yana iya zama taku ɗaya ƙasa da fuskar ruwa a watan Mayu, sannan ya fito fili kowa ya gan shi a watan Yuli. Mafi haɗarinsa shi ne lokacin da yake daf da fitowa bai fito ba. A haɗa da iskar farkon damina mai tasowa babu sallama, da kainuwar da kan toshe mashigai ta naɗe farfelar inji.

Matuƙan yau sun sake gina wani sabon sani a kan wannan sabon ruwa, da tsadar rayuka suka saye shi. Yana cikin kawunansu, a warwatse, kowa da yankin da ya ƙware a kai. Idan tsoho ya rasu, nasa kason ya bi shi. Idan yaro ya karɓi inji kafin ya gama koyo, fasinja ne ke biyan kuɗin makarantarsa.

Lissafin lodi

Kusan duk bayanin hukuma bayan haɗari yakan tsaya a kan lodi fiye da ƙima, kuma gaskiya ne ana yin sa. Sai dai kiran abin da sunan haɗama ko jahilci bai taɓa rage ko buhu ɗaya ba, saboda lissafi ne ke haifar da shi. Kasuwa rana ɗaya take ci a mako. Jama'ar tungaye duk a safiya ɗaya suke son tafiya, a yamma ɗaya suke son dawowa. Mai jirgi zai sha mai kusan iri ɗaya ko ya ɗauki mutum hamsin ko ya ɗauki ɗari. Kafin 29 ga Mayu, 2023, farashin litar fetur a hukumance bai kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000, kuma a bakin ruwa, inda a jarka ake sayensa, ya fi haka. Kuɗin fito bai isa ya ninka sau biyar ba, domin aljihun fasinja bai ninka ba. Giɓin da ya rage da me za a cike shi? Da ƙarin kai da ƙarin buhu, da jinkirta sauya katakon da ya fara shan ruwa. Wanda aka bari a gaɓa kuma ba godiya zai yi ba, shi ne ma zai fi kowa roƙon a matsa masa, don ya san babu wani jirgin sai mako mai zuwa. Matsalar tsaro a kan hanyoyin mota na yankin, wadda sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni, 2021 ta fito da ita fili ga duniya, ta sa ba kowa ne ke da zaɓin bin tudu ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, tana da dokoki: an hana tafiyar dare, an wajabta rigar ruwa, an kuma fitar da sabon kundin ƙa'idoji na 2023. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC, ta rarraba rigunan ruwa a garuruwan bakin tafki. Ba na raina ko ɗaya daga ciki. Rigar ruwa tana ceton rai. Amma rigar tana aiki ne bayan jirgi ya riga ya kife. Kiran da ake yi daga Abuja cewa a daina amfani da jiragen katako shi ma magana ce mai daɗin ji, har sai an tambayi wanda zai biya kuɗin na ƙarfe ko na roba. Dokar da ta ce wa mutum ya yi asara kowace ranar kasuwa, ranar da jami'i yake tsaye kawai za a bi ta.

A nan ne nake ganin gurbin ɗan kasuwa mai sabon tunani. Aikinsa shi ne ya sauya lissafin, ta yadda mai jirgi zai ci riba ba tare da ya yi caca da rayuka ba.

Mafari shi ne raba kaya da mutane. Dukiyar da ke ratsa ruwan nan ba kaɗan ba ce: albasa, shinkafa, kifi, dabbobi, babura. Buhun albasa ba ya gaggawar safiyar kasuwa kamar mai shi. Ana iya kwashe shi tun jajibiri a jirgin dako, a ba mai kaya shaida, ya tarar da kayansa a rumfa. Idan aka yi haka jirgin ya samu aikin kwana biyu ko uku a mako a maimakon ɗaya, nauyin safiyar kasuwa kuma ya ragu. Wannan aikin tsara lokaci ne da riƙon amana, kuma a nan waya tana da amfani na gaske, ko da ƙaramar waya ce mai saƙon murya. Ta wannan hanya kuma za a san sunan duk wanda ya shiga jirgi. Abin takaici ne a ce bayan haɗarin Wara an yi kwanaki ana saɓani a kan adadin mutanen da ke ciki, domin babu wanda ya rubuta.

Sai mallakar jirgi. Darasin da kamfanonin Legas suka koya da tsada, wato cewa riba tana wajen samar da abin hawa a biya sannu a hankali, ya fi dacewa da Yawuri fiye da Legas ɗin. Tsarin ba baƙo ba ne: direban A Daidaita Sahu a Kano ya san balas, matan tungaye sun san adashi. Kamfanin da ya ba ƙungiyar masu jirage ingantaccen jirgi da inji, ana biyansa duk ranar kasuwa, yana da dalilin kansa na hana lodin banza, tunda dukiyarsa ce za ta nutse. Wannan ya fi ƙarfin kowace takardar gargaɗi.

Akwai kuma wata fasaha da ba ta buƙatar ko batir. A 1876 majalisar Ingila, bayan dogon gwagwarmayar Samuel Plimsoll, ta wajabta a zana layi a jikin kowane jirgin dako, in ruwa ya rufe layin to lodi ya wuce. Fenti ne kawai, amma ya mayar da abin da mai jirgi kaɗai ya sani ya zama abin da kowane fasinja ke gani da idonsa tun daga gaɓa. Wani abin dariya a tarihin shi ne da farko mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana layin nasa, sai bayan fiye da shekara goma doka ta ƙwace wannan zaɓi daga hannunsa. Mu ma tambayar da za ta taso ke nan: wa zai ja layin? A ganina maƙerin jirgin da Sarkin Ruwa da jami'in hukuma ne za su ja shi tare, a gaban jama'a, ranar da aka fara saka jirgin a ruwa.

Batun injin lantarki yana buƙatar taka-tsantsan, domin shi ne ya fi ɗaukar ido a taron masu jari. A Mbita ta ƙasar Kenya, a bakin tafkin Biktoriya, kamfanin ASOBO ya gwada ba masunta hayar injin lantarki da batiran da ake cajinsu da hasken rana. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya harhaɗa ƙananan motocin haya masu lantarki a Arewa. Amma turawar da ƙaramin jirgin masunci ke buƙata dabam take da ta babban jirgin fito mai tan-tan na kaya a kan igiyar ruwa. A fara da masunta da gajeren fito, a bar dogon zango sai batir ya yi araha. Sai dai mutum ba zai rasa jin wani abu ba idan ya tuna cewa ruwan da ke juya injinan megawat 760 a Kainji, a kansa ake ƙona fetur ɗin jarka, da yawa daga tungayen bakinsa kuma da fitilar batir suke kwana.

Za a ce duk wannan ba zai jawo irin masu jarin da ke neman kuɗinsu ya ninka sau goma cikin shekara biyar ba. Haka ne, ba zai jawo su ba, kuma ban ga asara a rashinsu ba. Irin wannan jari ne ya sa kamfanonin acaɓa suka riƙa karya farashi don tara fasinja, har ranar da iska ta kaɗa. Fito sana'a ce mai ƙaramar riba wadda ba ta yankewa, irin wadda fataken albasa da dillalan kifin Yawuri suka fi kowa fahimta. Jarin da ya dace da ita yana hannunsu, da hannun bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, da asusun hukumomin da aka kafa musamman domin mutanen da madatsa ta tayar.

Daga fikilbol zuwa Rigata

Wani abin da masu kafa sababbin kamfanoni suka ƙware a kai a 'yan shekarun nan shi ne mayar da wasa sana'a. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne fikilbol, wani wasa mai kama da tanis da ake bugawa da faifan hannu da ƙwallon roba mai huji-huji a ƙaramin fili. Wasu magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka ƙirƙiro shi a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washinton ta Amurka don 'ya'yansu su samu abin yi. Ya yi shekara hamsin ana ɗaukarsa wasan tsofaffi. A 2021 wani attajiri, Steve Kuhn, ya kafa gasar ƙungiyoyi mai suna Major League Pickleball. A 2022 fitattun 'yan wasa irin su LeBron James da Tom Brady suka sayi hannun jari a ƙungiyoyinta. Gasar ta shiga rige-rigen sayen 'yan wasa da kishiyarta PPA, aka yi alkawuran albashin da kuɗin shiga bai kai ba, aka dawo ana roƙon 'yan wasa su yarda a rage musu, daga bisani a 2024 ɓangarorin biyu suka haɗe. Wasan bai sauya ba tun 1965 in ban da 'yan gyare-gyare. Abin da aka ƙara masa shi ne jadawali, da ƙungiyoyi masu suna, da kyamara, da kwantiragi.

Mun ga irin wannan a gida. Dambe, wasan da aka san mahauta da shi, wanda Ɗan Anace ya ɗaukaka da waƙoƙin Shago, yana da rukunoninsa na Kudu da Jamus da Guramaɗa tun kafin kowa ya zo da kyamara. Tashar Dambe Warriors ta YouTube da kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu sun kai shi gaban miliyoyin masu kallo a ƙetare. 'Yan dambe sun samu ƙarin kuɗi da suna, wannan ba abin musu ba ne. Tambayar da ta rage ita ce hannun wa hotunan suke, kuma nawa ne ke komawa ga makaɗi da gidan damben da ya reni ɗan wasan. A Nijar kuwa hukuma ce ta riƙe gasar kokawa ta Takobi tun 1975, kowace jiha da 'yan kokawarta. Hanyoyi biyu ke nan, kowace da abin da take ci da wanda take bayarwa.

Yawuri tana da nata wasan, kuma a kan ruwa ake yin sa. Bikin Rigata, wanda ake dangantawa da bajintar Gungawa ta farautar dorina da yaƙin ruwa, ya ƙunshi tseren jirage da ninkaya da sauran wasannin ruwa. Sunan aro ne daga kalmar Turawa ta tseren jirage, kuma ina zaton abin da ya sa ta zauna daram a bakin Bahaushe shi ne ta tarar da 'yan'uwa a gida, wato riga da rigaya da rige-rige. Mai jin ta zai ɗauka tun asali tamu ce. A yanzu biki ne na shekara-shekara, manyan baƙi su zo, a yi jawabi, a raba kyauta. Argungu, wadda aka fara bikinta a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta nuna iyakar wannan tsari: bikin da ya dogara da aljihun gwamnati yana iya yin shekara goma ba a yi shi ba, kamar yadda ya faru kafin a farfaɗo da shi a 2020.

Da za a mayar da tseren ya zama gasa mai zagaye, Yelwa da Zamare da Wara da garuruwan Shanga da na tsallaken Rofiya kowa da jirginsa da launinsa, ana karawa daga cikar baƙin ruwa har zuwa ranar Rigata, da an samu abin da ya wuce nishaɗi. Sharaɗin shiga gasa zai iya zama abin da doka ta kasa tilastawa: rigar ruwa a jikin kowane matuƙi, gwajin ninkaya da na ceto, duba lafiyar jirgi. Yaron da ya ga gwaninsa sanye da rigar ruwa zai daina ganinta a matsayin alamar tsoro ko raunin tawakkali. Maƙeran jirage kuma za su samu fagen gwada sabuwar ƙira a gaban jama'a. Sai dai darasin fikilbol da na dambe yana nan: a rubuta tun farko cewa ƙungiyoyin mallakar garuruwansu ne, kada a yi alkawarin kuɗin da ba a gani ba, kuma kada kamfanonin caca su zama su ne uban gidan gasar.

Kason masu nazarin Hausa

Na bar maganar taswirar kututture zuwa nan da gangan, domin ita ce ta fi shafar mu. Na'urar auna zurfin ruwa da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan Adam sun yi arahar da ƙaramin kamfani zai iya mallakarsu. Amma tafki mai faɗin murabba'in kilomita 1,300 ba a bin sa taku-taku. Dole a fara da tambayar waɗanda suka sani: ina hanya take, ina ake kaucewa, a wane wata. Amsar kuwa ba da lambobi za ta zo ba. Za ta zo da sunan wata tsamiya da ta nutse tun 1968, da sunan gungun da babu shi yanzu sai a bakin tsofaffi, da kalmomin da matuƙa ke bambanta launin ruwa da motsinsa da su, wasu da Hausar yankin, wasu da harshen Gungawa, wanda masu shi ke kira Tsureshe, wanda kuma Hausa take ta janye masa matasa. Injiniya ba a horar da shi ya ji wannan ba. Mu aka horar.

Nazarin sarkanci a sassanmu ya yi nisa wajen tattara kirari da waƙoƙi da magunguna da camfe-camfen ruwa, kuma aiki ne mai daraja. Ilimin tuƙi kansa, wato yadda ake karanta ruwa, bai samu irin wannan kulawa ba, wataƙila don bai yi kama da adabi ba. Ɗalibin digiri na biyu daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da zai zauna da matuƙan mashigi ɗaya tsawon cika da janyewar ruwa na shekara guda, yana naɗar sunayen wurare da kalmomin sana'a, abokin aikinsa daga cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa yana ɗora kowane suna a kan taswira, zai fito da kundin da ya cika sharaɗin jarrabawa, sannan ya zama harsashin abin da zai yi wa matuƙi gargaɗi da murya, da kalmar da ya sani, kafin ya isa wurin. Hausar gargaɗin ma aiki ce: fassarar ofis da ake liƙawa a allunan hukuma ba ita ce Hausar da ake ihu da ita a kan ruwa ba.

Akwai haɗari a cikin wannan shawara, gara a faɗe shi tun yanzu. Sanin hanya shi ne jarin matuƙi, da shi ya fi baƙo. Ranar da aka zuba shi cikin na'ura, kamfani yana iya ɗauko kowane yaro ya damƙa masa inji da waya, ya sallami tsohon da ya ba da ilimin. Mutanen da aka taɓa karɓe wa gungaye domin wutar da wasu ke sha suna da hujjar yin ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da takarda da na'urar naɗar murya. Saboda haka takardar neman izini da muka saba ba wa waɗanda muke hira da su, mai cewa za a yi amfani da bayanin don nazari kawai, ba ta wadatar a nan. Ana buƙatar yarjejeniyar da ta ambaci ƙungiyar matuƙan a matsayin mai taswirar, a ajiye kwafinta a fadar Sarkin Yawuri da ofishin ƙungiyar, a rubuta sunan kowane matuƙi a gefen wuraren da ya nuna, kuma duk kamfanin da zai ɗora ta a manhajarsa ya biya haya ga ƙungiyar duk shekara, tunda kowace janyewar ruwa sai an koma wurinsu an sabunta ta.